Kafin a yi wa karen gida wanka

Uwargida, idan akwai karen gadi a gidanki, na san da wuya ke ce mai yi masa wanka. Aikin maigida ne ko samarin gidan. Amma tsakar gidan taki ce, a nan kuma ɗanki yake rarrafe, shi ya sa nake magana da ke.

Kare yakan saki fitsari ko kashi ana tsakiyar wanka ko yankan farce. Yawanci tsoro ne ke sa shi, tsoron ruwa ko almakashi ko riƙon da aka yi masa. Duka kuwa tsoron yake ƙara masa. Ki ce kada a ba shi abinci dab da wanka, domin cikin kare yakan motsa jim kaɗan bayan ya ci. A fara zagawa da shi can nesa da inda yara ke wasa, ya rage ciki, sannan a kawo ruwa. Kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari da daɗewa, don haka idan ya fara shinshina ƙasa yana juyi, a dakata a fitar da shi.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, kashin ne ya fi damuna. Yakan ɗauki ƙwayayen wata tsutsa mai suna Toxocara. Sai sun yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa suke iya kama mutum, daga nan kuma sukan yi watanni da ransu. Yaro ya taɓa ƙasar ya kai hannu baki, tsutsar tana iya kaiwa hanta ko huhu, wani lokaci har ido. Kashin da aka kwashe a ranar bai kai ga haka ba.

Don haka a kwashe shi nan take da shebur ko leda, a zuba a masai. Ruwan wankan kada ya gangara wurin wasan yara ko bakin rijiya. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki yaro. A riƙa kai karen wurin likitan dabbobi don maganin tsutsa da rigakafin ciwon haukan kare.

Idan kuma ya ciji wani garin wanka, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.