Kumfar Lemun Citta da Iyakarta

Duk wanda ya taɓa buɗe gorar kunun zaki da ta yini a rana ya san ƙarar nan ta "fuss". Mutanenmu kan ce kunu ya tashi, su wuce. Ni kuwa aikin rediyo ya saba mini da bin sauti har tushensa. Neman sanin abin da ke huci cikin gorar shi ya kai ni ga haɗa lemun citta mai gas a gida.

Yis ɗin da masu burodi ke zubawa a kwaɓi halitta ce mai rai. Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar da aikinsa tsakanin 1857 da 1860. Yana cin sukari ya fitar da abu biyu kusan nauyi ɗaya: iskar gas da barasa. Ba a samun ɗaya babu ɗaya. Nan ne gizo ke saƙar ga irina da ba ya shan giya amma yana son kumfa.

A Turai da Amurka ana sayar wa ƴan koyo kayan haɗa giyar laga a kwali guda: gwangwanin ruwan sha'ir mai kauri, ƙunshin yis, da bokiti mai ƴar kafar fitar iska. Yis ɗin laga sanyi yake so, digiri 7 zuwa 13, ya yi makonni yana aiki. Sai ya cinye sukarin sarai sannan su ɗura a kwalba, su ƙara kamar giram 7 a kowace lita don gas kawai. Wato sun auna wa yis abincinsa, ya cinye ya tsaya.

Lemuna ba haka yake ba. Zaƙi nake so, don haka sukari yana nan tuli, giram 90 a lita. Kowane giram 17 da yis ya ci a lita yana ba da barasa kashi 1 cikin 100. Kumfar da nake nema ba ta cin fiye da giram 8, abin da bai kai rabin kashi ɗaya ba. In na saki yis ya cinye duka, lemun zai haura kashi 5, daidai da giyar kanti. Tsakanin lemu da giya babu katanga sai agogo da sanyi.

Ga yadda nake yi. Gorar roba ta lita ɗaya da rabi, ruwan citta da na tace, lemun tsami, sukari, da yis ɗan abin da yatsa biyu suka tsinka. Nakan bar sararin yatsa huɗu a sama in ɗaure murfi tamau. Ba na amfani da kwalbar gilashi, don in gas ya yi yawa fashewa take, ta ji wa yaro rauni. Lokaci-lokaci ina matsa gorar. Da ta yi tauri kamar tayar babur, sai firigo. A zafin Afirilu na Maradi, da rana ke wuce digiri 40, tsakanin hantsi da la'asar ta kai. A hunturu takan kwana.

Sanyi ba ya kashe yis, barci kawai yake sa shi. An ɗauke wuta, ya farka ya ci gaba da ci. Shi ya sa dokata ba ta lanƙwasuwa: a shanye cikin kwana biyu, wanda ya kwana babu wuta kuwa magudana ce rabonsa.

Gwaggona, da ta tsufa tana sayar da lemun citta, ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. "Ɗan nan," in ji ta, "abin da sai ka yi gadinsa kafin ya halatta, me ya kai ka?" Na ce, "Gwaggo, ai kununki ma tashi yake in ya yini." Ta ce shi ya sa ba ta bari ya yini. Lissafinmu ɗaya ashe, ita dai ba ta taɓa buƙatar ma'auni ba.