Wuta mai ƙarfi, lokaci kaɗan

A Gudel, bakin kogin Isa, lambu ba ya nesa da murhu. Shi ya sa suyar mutanen Tailan ta karɓe ni: a yayyanka naman shanu siri-siri, a jefa cikin mai mai zafi da tafarnuwa, a bi da albasa, tattasai da karoti. Minti biyar an sauke, kayan lambu da sauran ƙarfinsu. Su ruwan kifi mai gishiri suke zubawa, ni kuwa daddawa.

Uwayenmu sun ce miya sai ta daɗe bisa wuta. Gaskiya ne, amma itace ya yi tsada a Yamai, daji kuma yana ja da baya. Barkono ma baƙo ne daga nahiyar Amurka. Yau wa ke tambayar asalinsa?