Wasiƙa Zuwa Ga Auta: Kada Ka Sayar Da Jitar Nan

Ɗana Auta,

Mahaifiyarka da yayyenka duk suna gaishe ka.

Ita ce ta ba ni labarin hirar da kuka yi a waya. Ta ce ka ciro jitarka daga inda ka jingine ta tun kana ajin ƙarshe a jami'a, ka karkaɗe ƙurar, ka ɗora yatsu, suka ƙi yi maka biyayya. Wai har ka ce hannunka ya mutu, gara ka nemi mai saye ka huta. Na so in kira ka a daren, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Takarda kuwa za ka iya ajiyewa, ka sake dubawa ranar da ranka ya ɓaci.

Auta, hannunka bai mutu ba. Ni na fara ɗora maka yatsu a kan tsirkiya tun kana firamare, saboda haka na san abin da ke cikin hannun nan. Bari in rarrabe maka abin da ya tafi da abin da ya rage, domin idan mutum bai san girman asararsa ba, sai ya ɗauka komai ya ƙone.

Abu na farko da ya tafi shi ne kanta. Fatar kan yatsun mai kaɗa jita tana kauri ne saboda gogayya da tsirkiya kullum. Da an daina, cikin 'yan makonni jiki yake zubar da ita, sabuwar fata mai taushi ta maye gurbin. Shi ya sa yanzu minti biyar kawai ke sa yatsunka raɗaɗi. Na biyu shi ne ƙarfin ƙananan naman hannu, waɗanda ke ware yatsu da riƙe su a danne, musamman idan za ka shimfiɗa manuniya ta danne tsirkiyoyi shida a lokaci guda. Na uku shi ne jituwar hannu biyu, wato hagu ya isa wurinsa daidai lokacin da dama ya kaɗa. Waɗannan ukun duk na jiki ne, kuma duk suna dawowa. Kanta ma ita ce mai saurin dawowa, yawanci ba ta wuce wata guda idan ana taɓawa kullum.

Abin da ya rage maka ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba. A shekarar 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa binciken da ya yi a kan mantuwa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bari har ya manta, sannan ya sake haddace su yana auna lokaci. Ya gano cewa koyo na biyu ya fi na farko sauri, ko da mutum yana jin babu abin da ya rage a kansa. Wannan a kan hadda ke nan, alhali abin da hannu ya koya ta maimaici ya fi hadda daɗewa a ƙwaƙwalwa. Ka san turbar da ake bi zuwa gona. Idan aka yi damina ba a bi ta ba, ciyawa takan rufe ta har baƙo ya rantse babu hanya a wurin. Amma ƙasar da ke ƙarƙashi a daddaɓe take, kwana kaɗan na zirga-zirga sai ta fito fili. Haka shekarun da ka yi kana kiɗa suke a cikin kanka.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ɓacin ran da kake ji, kunnenka ne ya jawo shi. Lokacin da kake yaro, kana kaɗa shirme kana murna, domin kunnenka da hannunka tare suke rarrafe. Yau kuwa kunnenka na gwani ne. Duk tsawon lokacin nan bai huta ba, kana sauraron Ali Farka Touré da makaɗan Agadas a mota da ɗaki, yana ƙara wayewa, hannun kuma yana zaune. Da ka kaɗa, kunnen ya ji tazarar da ke tsakanin abin da ya sani da abin da ya fito, sai ya yanke maka hukunci. Wanda kiɗa ya bar jikinsa da gaske ba ya jin wannan zafin, domin ba ya ma gane ya yi kuskure. Saboda haka zafin nan shaida ne cewa malaminka yana raye a cikinka. Aikinka shi ne ka roƙe shi ya yi wa ɗalibinsa haƙuri, har hannun ya cim masa.

Kafin ka ƙara zargin yatsunka, duba jitar kanta. Tsirkiyar ƙarfe da ta shekara biyu a ɗaure ta yi tsatsa, sautinta ya dushe, ba ta kuma tsayawa inda aka saita ta. Canza su duka shida, ka sayi sirara masu sauƙin dannawa. Sannan itace yana numfashi. Ya sha hunturu biyu da damina biyu, ya bushe ya kumbura, mai yiwuwa wuyan ya ɗan lanƙwashe har tsirkiyoyin sun yi nisa da shi. Idan haka ne, ko gwanin gwanaye sai ya sha wahala. Ka shafa gefen wuyan, idan bakin ƙarafan nan na kwance yana kartar hannu, bushewa ce. A cikin wuyan yawancin jita masu tsirkiyar ƙarfe akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa a miƙar da shi, amma kada ka taɓa da kanka, kai wa mai gyara. Ka yanke farcen hagu ƙasa sosai. Rabin abin da kake kira mutuwar hannu yana iya zama wannan.

Daga nan sai ka fara, amma da ƙa'ida. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, domin fata tana buƙatar hutu kafin ta yi kauri, ƙwaƙwalwa kuma a cikin barci take ƙarasa ɗinke abin da hannu ya maimaita da rana. Za ka ga abin da ya gagare ka da dare ya zo da sauƙi da safe. Kada ka fara da kiɗan da ya fi wuya a cikin waɗanda ka iya, wanda kake burge abokai da shi. Koma kan kamu uku ko huɗu na farko, kana sauyawa daga wannan zuwa wancan. Sa manhajar nan mai ƙirga bugu a wayarka, ka saita ta a bugu 60 a minti, ka bi ta a hankali har ka ji kamar ana ja maka rai. Idan ka yi sau da yawa babu tuntuɓe, sai ka ƙara kaɗan. Hannu duk abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa, daidai ne ko kuskure, don haka mai gaggawa kuskurensa yake haddacewa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka kuma bambance ciwo biyu. Raɗaɗin kan yatsa na hanya ne, zai wuce. Amma idan ka ji suka a wuyan hannu ko gwiwar hannu, ko yatsu suna yin sanyi kamar ba naka ba, ajiye nan take, ka huta, idan ya ci gaba ka ga likita. Jijiya ba ta son taurin kai. Kuma kada ka sa jitar cikin jaka. Jingine ta inda idonka zai riƙa faɗawa kanta, domin abin da ke kusa da hannu shi ake ɗauka.

Akwai mutumin da nake so ka riƙe labarinsa. Django Reinhardt, an haife shi a Beljiyam a 1910, cikin al'ummar Romani masu yawo da gidajensu a kan keken doki. Yana ɗan shekara 18 ya riga ya fara suna a wuraren kiɗa na birnin Paris. A ƙarshen 1928 gobara ta tashi cikin dare a keken da yake kwana da matarsa, kyandir ya kama furannin roba da take haɗawa don sayarwa. Ya tsira da rai, amma ya ƙone ƙwarai. Likitoci suka so yanke masa ƙafar dama, ya ƙi. Hannun hagu kuwa, wanda ke danna tsirkiya, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka ƙandare. Kowa ya ɗauka kiɗa ya ƙare masa. Ya yi jinya ta kusan shekara ɗaya da rabi, ƙanensa Joseph ya kawo masa jita yana kwance. Da yatsu biyu masu lafiya ya sake gina komai daga tushe. Tun da ba zai iya bin hanyar da kowa ke bi ba, sai ya riƙa gudu da yatsun nan biyu a tsawon wuyan jita, sama da ƙasa, naƙasassun kuma yana ɗora su a kan siraran tsirkiyoyi idan kamu ya buƙata. A 1934 shi da mai goge Stéphane Grappelli suka kafa ƙungiyar Quintette du Hot Club de France, kuma har ya rasu a 1953 ana lissafa shi cikin manyan makaɗan jita na duniya. Salon da aka san shi da shi, wanda mutane masu yatsu cikakku ke wahalar kwaikwaya har yau, bayan gobarar ya same shi.

Wani makaɗin jita kuma Ba'amurke, Pat Martino, an yi masa tiyatar ƙwaƙwalwa a 1980, ya farka bai tuna rayuwarsa ta baya ba, har da sana'arsa. A hankali ya koma ga jita, yana sauraron fayafayan da shi da kansa ya yi a da, kuma a 1987 ya fitar da sabon faifai. Ɗaya ya rasa amfanin yatsu biyu, ɗaya ya rasa tunani, dukansu suka dawo. Ban kawo su don in raina damuwarka ba, na san tana ci maka rai. Na kawo su ne don ka ga cewa mai dawowa ba ya komawa daidai inda ya tsaya. Kai ma yanzu ba yaron da ya ajiye jitar ba ne. Ka zauna a garin da ba naka ba, ka yi kewa, ka san nauyin neman na kai. Duk wannan zai fito a kiɗanka, ko da saurin yatsun bai kai na da ba tukuna.

Ban taɓa sa rai ka zama shahararre da jita ba, kuma ba shi nake nema maka ba. Abin da na sani shi ne kai mutum ne mai zurfin ciki tun kana ƙarami. Abin da ba ka iya faɗa da baki, a tsirkiya muke jin sa. Daga ɗakinmu ni da mahaifiyarka mukan gane ranar da ka yi farin ciki da ranar da aka ɓata maka, ba tare da ka ce uffan ba. Namiji mai irin halinka yana buƙatar ƙofar da zuciyarsa za ta riƙa shan iska, musamman yanzu da kake fafutukar neman aiki, kana nesa da mu. Ba na so ka toshe wannan ƙofa saboda fushin dare ɗaya.

Ga roƙona. Ka ba ni wata uku. Na tura maka kuɗin tsirkiya da na mai gyara ta hannun yayanka. Ranar da ka fara, ɗauki sautin kanka a waya, duk muninsa, ka ajiye kada ka goge. Bayan wata guda ka sake ɗauka, ka saurari biyun a jere, sannan ka turo mini su. Idan wata ukun suka cika ka ga har yanzu sayarwa kake so, ni zan saya, a farashin da ka yanka, in ajiye maka.

Ka kula da sallarka a kan lokaci, ka riƙa cin abinci sosai, ka kuma riƙa kiran mahaifiyarka ko ba ka da labari. Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka ƙofofin alheri, ya haɗa ka da mutanen kirki a duk inda ka sa ƙafa.

Naka har kullum,
Babanka