Daga Kano Zuwa Yerwa: Ta Sama Ko Ta Ƙasa

Wanda ya buɗe taswira zai ga Kano ɗigo guda, Yerwa, watau Maiduguri, ɗigo guda, tsakaninsu kuwa bai fi taƙi ba. Haka mu malaman makaranta muke nuna wa yara. Amma taƙin nan mil 350 ne ko kusa da haka.

Mutanen dā da ƙafa suka auna shi. Fatake su ɗauki turkudin Kano su nufi gabas, su komo da kanwar Barno bisa jakuna. Baturen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya bar Kano cikin watan Maris na 1851, bai shiga Kukawa ba sai ran 2 ga Afrilu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bai kai Yerwa ba sai 1964, shi ma sai da ya zaga ta Bauci. Jirgin sama ya riga shi da nisa, gama a 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka biyo ta Yerwa, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba. Lokacin yaƙin Hitila kuma, tun daga 1940, jiragen da aka harhaɗa a Takoradi ta garuruwan nan biyu suka riƙa bi zuwa Hartum da Alƙahira.

To, yanzu mai hali ya hau jirgi a Kano, kafin sa'a guda ta cika sosai ga shi a Yerwa. Ba mu kushe wannan ba, ko kusa. Mai maras lafiya da mai gaggawa sun san ranarsa. Sai dai me ya gani? Hazo, da bayan kujerar na gabansa.

Mai mota kuwa shi ya ga ƙasa. Ya ƙetare gadar Wudil, in ran Juma'a ce shanu su tare masa hanya. Ya wuce Azare, ya sha ruwa a Fataskum, inda zai ji Karekare da Bolanci da Ngizimanci sun gauraya da Hausa. Yana kallo itatuwa na gajarcewa, rairayi na ƙaruwa, har Barbarci ya fara shiga kunnensa.

Amma daga Damaturu, jama'a, hirar cikin mota takan mutu, kowa ya ɗauki carbinsa. A hanyar nan ce 'yan Boko Haram suka tare matafiya a Benishek cikin watan Satumba na 2013, suka kashe fiye da 100. Ran 9 ga Fabrairu 2020 kuma wasu suka isa Auno bayan an rufe ƙofar shiga Yerwa, suka kwana cikin motocinsu, saura 'yan mil kaɗan su ga gida. Da dare aka auka musu, aka ƙone motoci, mutum 30 ko fiye suka rasu, har da mata da yara. Allah ya jiƙansu.

Abin da ya dame mu shi ne, waɗanda ke yanka shawarar gyaran hanyar nan da tsaronta, galibinsu ta sama suke bi. Muna roƙo, ko da sau ɗaya a shekara, ɗayansu ya ajiye masu rakiyarsa, ya shiga tasha a Kano bayan sallar asuba, ya biya kuɗin kujera, ya zauna kusa da wata tsohuwa mai jikoki a Yerwa, ya ji sau nawa za ta tambayi direba ko ƙarfe nawa.