Gurasar da Ta Yi Boko



A ƙasar Gumel, in ka ce an dafa abinci da itace ba ka ba da wani labari ba. To da me za a dafa? Daga cikin garin Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, murhu mai duwatsu uku ne ke ciyar da mafi yawan gidaje, hayaƙi kuwa abokin hirar iyayenmu mata ne tun daga asuba. Magidancin da Allah Ya hore wa ya sayi tukunyar gas, burinsa ke nan ya raba iyalinsa da wannan hayaƙi. Sai ga shi a wasu wuraren, itacen nan da muke neman hanyar rabuwa da shi ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe a ƙofar gidan abinci, har a ƙara wa mai saye kuɗi saboda shi.

Mun ga haka da idonmu a Kano. Mu uku muka je sayen littattafai, wani ɗan garinmu da ke aiki a can ya rantse ba za mu koma ba sai ya kai mu mun ci fiza, gurasar nan ta mutanen Italiya. Ya ce ba irin wadda ake gasawa da lantarki ba, ta itace. Muka kalli juna. Tafiyar kilomita ɗari da wani abu, a ce abin da za a burge mu da shi itace ne?

Wurin ƙarami ne, a cikin unguwa, tebura ba su fi takwas ba. Abin da ya fara ɗaukar hankalinmu shi ne ɗakin gashin, wani gini na bulo mai zagayayyen rufi kamar an kife babbar ƙwarya, da 'yar ƙofa a gaba. An tura itacen gefe guda yana ci, harshen wutar na lasar rufin yana lanƙwasowa. Mai gashin saurayi ne Bahaushe, ba zai girme mu ba. Ya ɗauki curin kwaɓi, ya danna tsakiyarsa da yatsu, ya yi ta juya shi a tafin hannu har ya yi faɗi, ya bar bakin da ɗan kauri. Ya shafa markaɗaɗɗen tumatir, ya yayyaga farin cuku ya watsa, ya ɗora ganyen ɗaɗɗoya, ya ɗiga man zaitun, sannan ya zura ta ciki da wani dogon cebur mai faɗin baki.

Ɗayanmu ya ce, "Malam, za mu iya zuwa mu yi La'asar kafin ta gasu?"

Ya yi dariya ya ce, "Ko alwala ba za ku gama ba, Malam. Ba ta kai minti biyu a ciki."

Haka kuwa aka yi. Muna tsaye bakin ya kumbura, ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna, cukun ya narke ya kwanta a kan tumatirin. Da muka yago, cukun ya biyo hannu yana danƙo, abin da ya ba mu mamaki, domin cukun da muka sani, wanda ake kawowa daga Nijar, busasshe ne, sai an tauna. Tsakiyar da laushi, bakin da ɗan ƙaurin wuta mai daɗi. Abokinmu na Maigatari ya cinye yankansa, ya share hannu, ya ce, "Ai wannan gurasa ce ta yi boko." Muka yi ta dariya, amma tun daga ranar maganar ba ta bar mu ba, domin mun ga akwai gaskiya a cikinta fiye da yadda shi kansa ya nufa.

Fiza ba abincin sarauta ba ce a asalinta. A birnin Nafoli na kudancin Italiya abincin talakawa ce, ta 'yan dako da masu aikin tashar jiragen ruwa, ana sayar da ita a bakin titi a ci a tsaye. Tumatirin da ake taƙama da shi a kanta ma baƙo ne a Turai, daga nahiyar Amurka aka kawo shi a ƙarni na 16. Abin da mutanen Nafoli suka yi wa abincinsu shi ne suka ba shi labari, sannan suka ba shi takarda. Labarin da ake bayarwa shi ne a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita fiza mai launin tutar ƙasar, jan tumatir da farin cuku da koren ganye, aka raɗa mata sunan sarauniyar. Masu binciken tarihi suna da ja a kan wannan labari, amma bai hana shi zagaya duniya ba. A 1984 masu sana'ar suka kafa ƙungiyar kare fizar Nafoli ta asali, suka zauna suka rubuta ƙa'ida: da hannu ake faɗaɗa kwaɓin, faɗinta kada ya wuce santimita 35, a gasa ta da itace a zafin da ya haura digiri 400, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gashin fiza na Nafoli a jerin al'adun da duniya ta gada. Bokon da gurasar ta yi ke nan. Saurayin da ya gasa mana bai taɓa taka Italiya ba, amma ilimin ya iso hannunsa a Kano, saboda wasu sun auna shi sun rubuta.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gurasa tana aiki ya san ba ƙaramin ilimi ke hannunta ba. Tun dare take kwaɓa garin da yis ta rufe ya tashi. Tanderu tukunyar ƙasa ce babba. Za ta cika ta da kara ko itace ta kunna, ta bari wutar ta cinye jikin tukunyar ya ɗauki zafi, sannan ta jiƙa hannu, ta ɗebi kwaɓin, ta zura hannun cikin wannan zafi ta manna shi a bangon tanderun. Ba cebur, ba agogo, ba ma'aunin zafi. Idan tukunyar ba ta yi zafi sosai ba kwaɓin zai zame ya faɗa toka, idan zafin ya yi yawa bayan zai ƙone cikin bai nuna ba. Da bayan hannu take gane lokacin, da hanci take gane ta gasu. Mu a ganinmu, wanda ya zura hannunsa cikin wuta ya fi mai dogon cebur jarumta, a yi mana afuwa.

Kuma ita ma gurasa tana da tarihin da ya isa a yi taƙama da shi. Sunanta daga Larabci yake, a Sudan ma akwai abincin alkama mai irin wannan suna. Kalmar tanderu 'yar uwar tannur ce ta Larabawa da tandur ta mutanen Indiya da Pakistan. A Kano ana danganta ta da Larabawan da suka zauna a birnin a zamanin fataucin Sahara, kuma har yau unguwar Jakara ta yi suna da ita. In ka ga bandashe, wato gurasar da aka ɗan tsoma a ruwa aka barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa, aka yanka albasa da tumatir a kai, ka ajiye ta kusa da fiza, ba sai an gaya maka dangi ba ne. Faffaɗan burodi, mai, tumatir, da wani abu mai maiƙo a sama. Su cuku, mu ƙuli. Ƙulin nan kuwa daga gyaɗar da ke fitowa a jigayin ƙasarmu yake, alkamar ma Jigawa na sahun gaba wajen nomanta a fadamun Haɗeja.

Amma kuɗin fiza ɗaya da muka ci zai sayi gurasar da za ta ƙosar da majalisa guda. A watan Fabrairun 2024 mata masu gurasa sun fito zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, suna cewa sana'ar na neman gagararsu. Da yawa daga cikinmu a ranar ne muka fara ganin fuskokinsu a labarai. Mun ci abin hannunsu shekara da shekaru, sai da suka ɗaga kwalaye sannan suka shiga rubutu. In irin waɗannan mata suka ajiye sana'ar, 'ya'yansu suka kama wata, ilimin bayan hannun nan yana tafiya tare da su, domin ba ya cikin wani littafi da jika za ta buɗe.

A nan ne abin ya shafe mu, mu masu koyon rubutu. Ku duba labaran da muke turowa. Idan jarumi mai kuɗi zai burge budurwa, gidan abinci na zamani yake kai ta, a jero sunayen abincin waje layi uku. Idan aka zo gidan talaka sai a ce "ta ɗora tukunya" a wuce. Wace tukunya? Da wane itace? Iyayenmu sun san marke ya fi riƙe wuta, sun san garwashin ƙirya ya fi daɗewa, sun san kara saurin ci gare shi kamar fushin yaro. Wannan duk kayan rubutu ne da ke zube a tsakar gida. Ba muna cewa a daina sa fiza a labari ba. Mun ci, ta yi daɗi, in an sake gayyatarmu za mu je.

Sai dai kada son gargajiya ya rufe mana ido a kan itacen kansa. A Nafoli zaɓi ne, mai gidan abinci na iya sa gas in ya ga dama. A wurinmu dole ce, kuma dolen tana cin daji. Jigawa na cikin jihohi 11 na Arewa da ke bakin hamada, waɗanda shirin nan na Tarayyar Afirka na kafa ganuwar itatuwa, da aka amince da shi a 2007, ya ratsa ta cikinsu. Wanda ya bi hanyar Maigatari da rani ya ga kurar shanu ɗauke da itace ya san daga wani wuri aka saro shi. Karan da mai gurasa ke ƙonawa ma akwai masu jiransa: dabba na so ta ci, mai danni na so, gonar ma na so a bar mata shi ya tare mata iska. Duk wanda zai rubuta ƙamshin tanderu da gaskiya sai ya rubuta tari da jan idon mai tanderun.

Bayan fizar aka kawo mana jelato a 'yan ƙananan kofuna. Askirim ne na Italiya, amma ya fi wanda muka saba da shi nauyi a harshe, domin madararsa ta fi kirim yawa kuma ba a buga masa iska sosai, sannan ba a barinsa ya daskare ƙam kafin a ba ka. Shi ya sa ɗanɗanon ke fitowa tun a cokalin farko. Mun ɗanɗana na lemon tsami da na cakulan. Na lemon ya fi.

Shi kam ba mu yi masa gorin dangi ba. Fura da nono mai ƙanƙara daban take, ƙullin zoɓon da yara ke tsotsa a leda ma daban. Jelato ɗan wutar lantarki ne, in ta ɗauke na 'yan awanni ya lalace, mu kuwa kowa ya san yadda muke da ita. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne madarar. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari na cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar da sassan Najeriya, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin nan, amma yawancin askirim da yogot na kamfani da ake sha a ƙasar nan da garin madarar da aka shigo da shi daga waje ake yin su. Nonon da Bafulatana ta tatsa da safe a rugar da ke bayan Sule Tankarkar ba shi da hanyar da zai isa birni da sanyinsa. Ko ta sayar da shi a ranar, ko ya zama kindirmo, ko ya tsinke.

Namu ilimin sanyin a jikin yumɓu yake, kamar yadda na wutar yake. Randar da ke gindin bishiya a tsakar gida tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafo da danshi, iska na busar da shi tana tafiya da zafin. A jihar nan tamu wani malami, Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya ɗauki wannan sani ya faɗaɗa shi. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan miyan da ke yamushewa cikin kwana uku sai ga su suna yin makonni. Ya sa magina tukwane suka yi dubbai aka rarraba a ƙauyukan Jigawa, kuma a shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Tukunyar tasa ba ta daskarar da madara, ba za ta yi jelato ba, kuma ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta ƙasar Gumel fiye da wuri mai laima. Jaridun Turai da Amurka sun ba da labarinsa, ƙungiyoyin agaji sun kai dabarar har Sudan, inda ake kiranta zir. A cikinmu mu ukun da muka zauna a teburin nan, duk da Turanci muka fara karanta sunansa.