Jitar Ɗan Maƙwabcina

Tun ina yaro na koyi ɗaurin gurmi da garaya a wurin kawuna, kuma har yau, idan na dawo daga aji, nakan gyara wa mutane kayan kiɗa a zauren gidana da ke Sabo, Ibadan. Ba sana'ata ba ce, amma wanda ya kawo aiki yakan biya ladan hannu.

Wata ranar Asabar, wani maƙwabcina mai gadin kanti ya yi sallama riƙe da 'yar ƙaramar jita, ɗansa mai shekara 9 na biye da shi. Jakin da ke riƙe tsirkiyoyin nan 6 ya ɗago daga jikin katakon. Da na duba sai na gane dalili: an ƙera ta ne don tsirkiyar roba, aka ɗaura mata ta ƙarfe, wadda ƙarfin janta ya kusa ninka na roba. Bugu da ƙari, a masana'anta an manna jakin ne a kan fenti, shi ya sa gam bai kama katako ba.

Ya ce, "Malam, so nake ta koma sabuwa, ta riƙa amo irin na talabijin."

A nan na shiga tsaka mai wuya. Ladan wannan gyara ya fi kuɗin jitar kanta. In na faɗi farashi na gaskiya, zai ɗauki kayansa ya tafi, yaron ya rasa abin da yake ƙauna. In na ce kyauta ne, na san halin mutumin, zai ji na raina shi a gaban ɗansa. In kuwa na yi masa alkawarin amon da yake so, na yi ƙarya, domin araha ba ta ado.

Sai na tura yaron ya sayo mana ƙosai, na ce, "Maigida, abu uku zan gaya maka. Jakin zai zauna daram, tabon tsagewar ba zai ɓace ba, amonta kuma ba zai wuce na da ba. Ka biya kuɗin tsirkiya da gam, sauran kuma yaron zai biya da aikin hannunsa." Ya yi shiru, sa'an nan ya amince.

Yaron ne ya kankare fentin da ke ƙarƙashin jakin. Muka shafa gam, muka matse, muka bar ta kwana ɗaya cur. Da dare na goge ƙarafan wuyanta masu yankar yatsa, ban gaya wa kowa ba.

Ranar karɓa uban ya kaɗa tsirkiya, na ga fuskarsa ta ɗan sauya, don kuwa amon bai kai yadda ya so ba. Amma bai zarge ni ba, tun da na riga na faɗa masa. Na tuna masa cewa marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna a duniya.

Yanzu kusan kullum da la'asar nakan jiyo yaron ta bayan katanga yana fama da ita. Makon jiya ya zo tambayata yadda ake ɗaura tsirkiya, wai ta abokinsa ce ta tsinke.