Gemun Ɗan'uwa

Tun 2004 mazan Ostireliya ke barin gashin baki kowane Nuwamba, suna tara kuɗin yaƙi da cutar dajin mafitsara. Mu a Doguwa gemu ba baƙonmu ba ne, bakin faɗin ciwo muka rasa.

Shekara biyu fitsari na yi wa Kawu gardama. Kunya ta hana shi faɗa, nauyi ya hana mu tambaya. Ranar da muka ratsa dajin Falgore da shi zuwa asibiti a Kano, likita ya ce mun makara. Allah ya jiƙansa.

Jama'a, gemun ɗan'uwa fa ya kama wuta. Duk wanda ya haura hamsin ya shafa wa nasa ruwa, ya je a duba shi.